Tattoo: daga rufe famfon giya zuwa bikin jiragen yaƙi

A harkar soja, tattoo na nufin babban bikin nuni inda sojoji ke fareti, a buga ganguna a yi busa, wani lokacin kuma jiragen yaƙi su yi wasa a sararin sama. Mutane da yawa in sun ji kalmar sai hankalinsu ya tafi kan zanen da ake yi a fata, amma fa kalmomin biyu ba dangin iya ba na baba, kama ce kawai a rubutu. Ta zanen jiki daga tatau ta fito, kalmar mutanen tsibiran Tahiti da Samoa a tekun Fasifik, ta shigo Turanci bayan tafiyar matuƙin jirgin ruwan Birtaniya Kyaftin James Cook zuwa Tahiti a 1769.

Ita ta soja daga yaren Holan take, "doe den tap toe", wato rufe famfo. A ƙarni na 17, da ƙarfe tara da rabi na dare ake tura masu ganga su zaga garin da sojoji ke zaune suna kaɗawa, mai gidan giya da ya ji ya san lokaci ya yi, sai ya toshe famfon gangar giya, sojoji kuma kowa ya kama hanyar bariki kafin goma ta buga. Da tafiya ta yi tafiya aka ƙara busa da fareti, jama'a suka fara fitowa kallo, abin da aka fara don a kori mashaya ya koma biki. Wanda ya fi suna shi ne na Edinburgh a Sukotilan, tun 1950 ake yinsa duk Agusta a filin gaban fadar birnin.

Na jiragen sama kuwa shi ne Royal International Air Tattoo a Ingila. An fara shi a 1971 a filin jirgi na North Weald, ya koma Greenham Common, daga 1985 kuma ya samu mazauni a sansanin Fairford, a watan Yuli ake yi. Sarauniya Elizabeth ta biyu ce ta amince aka ƙara masa kalmar Royal, wato na sarauta, a 1996, a 2003 kuma jirage 535 suka hallara har kundin bajintar duniya na Guinness ya rubuta shi a matsayin bikin jiragen soja mafi girma. Wasu jiragen a ƙasa ake jera su mutum ya je dab ya leƙa, wasu su tashi, kamar tawagar Red Arrows ta sojojin saman Birtaniya masu jajayen jirage da ke jeruwa fiffike kusa da fiffike suna sakin hayaƙi ja da fari da shuɗi.

Wasan ba ya rasa haɗari. A Agustan 1988 a sansanin Ramstein na Jamus jirage uku na tawagar Italiya suka yi karo a sama, ɗaya ya faɗa cikin ’yan kallo, mutum 70 suka mutu, shi ya sa aka tsaurara dokokin tazara tsakanin jirage da taron jama'a.