Tsofaffin taurarin Dodgers: su wane ne, kuma ya suka ƙare?

Wace ƙungiya ce Dodgers?

Ƙungiyar ƙwallon besbol ce a Amurka. A unguwar Brooklyn ta birnin New York ta yi suna, tana wasa a filin Ebbets, sannan a 1958 ta kwashe kayanta ta koma Los Angeles, inda take har yau. Ga wanda bai san wasan ba: mai jifa yana wurga ƙwallo, mai bugu yana ƙoƙarin dokanta da sanda, in ya dace sai ya ruga ya zagaye zango huɗu ya dawo gida, ƙungiyarsa ta samu maki ɗaya. Bayan mai bugu akwai mai cafewa a tsugune, shi ke yi wa mai jifa alama kan irin jifar da za a yi. Kofin ƙarshe na shekara shi ne World Series.

Ƙungiyar Yankees ta New York ta fi Dodgers yawan kofuna nesa ba kusa ba. Abin da ya sa tsofaffin Dodgers suka fi shiga raina shi ne, da yawansu sun shiga fili ne a lokacin da ba a son ganin irinsu a wurin.

Me Jackie Robinson ya yi da har yau ake ambatonsa?

Ranar 15 ga Afrilu, 1947, ya saka rigar Dodgers mai lamba 42 ya shiga fili, ya zama baƙar fata na farko da ya buga a manyan gasannin besbol na Amurka a ƙarni na 20. Kafin nan baƙaƙe suna da nasu gasannin daban, shi ma ya buga wa Kansas City Monarchs a 1945. Shugaban Dodgers, Branch Rickey, shi ya zaɓo shi, ya tura shi Montreal a Kanada ya yi shekara guda a ƙaramar ƙungiya, da sharaɗin duk zagin da za a yi masa ba zai rama ba.

Sharaɗin nan ya yi nauyi ga mutum irinsa. Yana soja a 1944 an gurfanar da shi a kotun soja saboda ya ƙi tashi ya koma bayan mota kamar yadda direba ya umarce shi, kuma kotun ta wanke shi. Wannan mutumin ne aka ce ya haɗiye fushinsa. Wasu abokan wasansa sun tara sa hannu cewa ba za su buga tare da shi ba. Kocin Philadelphia, Ben Chapman, ya zauna a benci yana zazzaga masa zagin launin fata. Masu jifa suna auna jikinsa, masu gudu suna taka shi da takalmi mai ƙusa, wasu otal-otal kuma suka hana shi kwana inda abokansa suka sauka. Da haka ya gama shekarar da kyautar sabon ɗan wasan da ya fi fice.

Ya iya wasan kuwa, ko tarihin ne kawai ya ɗaga shi?

Ya iya ƙwarai. A 1949 shi ne gwarzon shekara a gasar National League, da ƙimar bugu .342, wato a kowane zuwa 1,000 gaban mai jifa, sau 342 ya yi bugun da ya kai shi zango. Wanda ya kai .300 ma ana sara masa. Abin da ya fi razana abokan hamayya shi ne gudunsa: yana tsaye a zango na uku yana rausaya, mai jifa na ɗaga ƙafa sai ya kwasa ya faɗo gida kafin ƙwallon ta iso. Sau 19 ya yi wannan satar gida a wasannin gasa, ya kuma yi ta a World Series na 1955, shekarar da Brooklyn ta ɗauki kofinta na farko bayan Yankees ta doke ta sau biyar a wasan ƙarshe.

Shekara goma kawai ya buga, don yana da 28 aka buɗe masa ƙofa. Ya ajiye sanda a farkon 1957, ya shiga kasuwanci da fafutukar 'yancin baƙaƙe. Ciwon suga ya cinye shi, idonsa ya kusa tafiya, ya rasu a Oktoban 1972 yana da shekara 53. A 1997 aka jingine lamba 42 a dukkan ƙungiyoyin gasar don karrama shi, wato aka daina ba sabon ɗan wasa ita, amma duk 15 ga Afrilu kowane ɗan wasa ita yake sakawa.

Shi kaɗai ne baƙar fata a ƙungiyar?

A'a. Roy Campanella, mai cafewa, ya zo a 1948, ya zama gwarzon shekara sau uku: 1951, 1953 da 1955. A Janairun 1958, ana shirin ƙaura zuwa Los Angeles, motarsa ta zame a kan ƙanƙara ta kife, wuyansa ya karye, bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Bai taɓa buga wa mutanen Los Angeles wasa ko ɗaya ba, amma a Mayun 1959 mutum 93,103 suka cika filin Coliseum don karrama shi. Aka turo shi a keken guragu, aka kashe fitilu, jama'a suka kunna ashana.

Don Newcombe, mai jifa, ya ci wasa 27 a 1956, ya zama na farko da ya karɓi kyautar Cy Young ta gwanin jifa. Giya ce ta rage masa kwanan wasa. Daga baya ya daina sha, ya shafe shekaru yana taimaka wa 'yan wasan da suka faɗa irin ramin.

Me ya sa Sandy Koufax ya bar wasa yana kan ganiyarsa?

Gwiwar hannunsa na hagu ce ta lalace. Bayahude ne ɗan Brooklyn, kuma shekarunsa shida na farko babu abin a zo a gani: ya ci wasa 36, ya sha kashi 40, ƙarfi akwai amma saiti babu. Daga 1961 ya gano bakin zaren. Ya ɗauki Cy Young sau uku, sau huɗu ya gama wasa ba a yi masa bugun kai zango ko ɗaya ba, kuma a 1965 ya kori masu bugu 382 da jifarsa. A shekarar ce wasan farko na World Series ya faɗo ranar Yom Kippur, babbar ranar azumin Yahudawa, ya ce ba zai yi jifa ba. Ya dawo ya ci wasa na biyar, sannan da hutun kwana biyu kacal ya hana abokiyar karawarsu, Minnesota, maki ko ɗaya a wasa na bakwai.

Duk wannan da allura da ƙwayoyin kashe zafi yake yi, bayan wasa ya tsoma hannun a ruwan ƙanƙara. A ƙarshen 1966, yana da shekara 30, ya zaɓi ya tsira da hannunsa. Ni dai ban ga laifinsa ba, laifin na masu barin mutum ya yi jifa da kumburarren hannu ne.

Wane ne Fernando Valenzuela?

Autan 'ya'ya 12 ne daga wani ƙauye a jihar Sonora ta Meziko. A 1981, yana da shekara 20, ya ci wasanninsa takwas na farko, biyar daga ciki ba a ci shi maki ba. In zai yi jifa sai ya ɗaga ido sama kamar mai addu'a. Ya haɗa kyautar sabon ɗan wasa da Cy Young a shekara ɗaya, Dodgers ta ɗauki kofi.

Zuwansa ya taɓa wani tsohon miki. An gina filin Dodgers ne a Chavez Ravine, wurin da aka tashi iyalai 'yan asalin Meziko, wasu da ƙarfin hukuma, don haka da yawansu suka ƙaurace wa ƙungiyar. Valenzuela ne ya jawo su filin. Daga 2003 ya koma sharhin wasa da Sifaniyanci a rediyo, aka jingine lambarsa 34 a 2023, ya rasu ranar 22 ga Oktoba, 2024, kwana uku kafin Dodgers ta fara World Series da Yankees.

Dukkansu sun shiga zauren karrama gwanayen besbol da ke garin Cooperstown?

Robinson ya shiga a 1962, Campanella a 1969, Koufax a 1972 yana da shekara 36. Newcombe bai shiga ba, ko da yake aikin soja ya cinye masa 1952 da 1953. Valenzuela ma 'yan jaridar da ke zaɓe sun tsallake shi, saboda alƙalumansa, nasara 173 da rashin nasara 153, sun yi ƙasa a ganinsu. Sun manta cewa an yi ta lafta masa jifa yana ƙarami, har ya kammala wasa 20 shi kaɗai a 1986, kafaɗarsa ta gaza a 1988. A ganina ya cancanci zauren tun yana raye.