MIDI Ba Sauti Ba Ne

Kwanan nan duk situdiyon da ka leƙa, ko shagon kayan kiɗa, kalmar MIDI ce a bakin kowa. Wannan ya ce fiyanonsa na MIDI ya fi zaƙin murya, wancan ya ce kiɗan zamani ya lalace saboda "sautin MIDI ba shi da rai". Maganar nan ta biyu ce take ci mini tuwo a ƙwarya, domin MIDI ba shi da sauti ko kaɗan, balle a yi zancen ransa.

MIDI yare ne da na'urorin kiɗa ke magana da juna. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan su ne kan gaba wajen samar da shi, kuma a Janairun 1983 aka haɗa fiyanon lantarki guda biyu na kamfanonin nan, Prophet-600 da Jupiter-6, a bainar jama'a suka fahimci juna. Lambobi ne kawai ke bi ta cikin wayar: an danna nan, da ƙarfi kaza, an saki. Ɗan aike ne. Muryar tana can cikin manhajar da ta karɓi saƙon.

Inda ruɗanin ya fi fitowa shi ne maɓallan murɗawa da na turawa. Yaro ya tara kuɗi ya sayi Akai MPK Mini, ɗan ƙaramin fiyano na MIDI, ya jona a kwamfuta, ya murɗa maɓallansa takwas ɗaya bayan ɗaya, shiru. Sai ya ce an sayar masa da jabu. Lafiyar kayansa ƙalau. Kowane maɓalli yana aika lambar shaidarsa, tare da matsayin da yake tsakanin 0 zuwa 127. Akwai lambobin da aka saba da su: 7 ƙarfin murya, 10 karkata sauti hagu ko dama, 64 fedar riƙe sauti, 74 hasken murya. Amma sabo ne, ba tilas ba. Sai ka ɗaura maɓallin da abin da kake so ya juya. A manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ka danna dama a kan abin, ka zaɓi Link to controller, ka murɗa. A manhajar Ableton kuwa ka danna Ctrl da M.

To, ka lura da 127 ɗin nan. Matakai 128 ke nan kacal. Matatar sauti a manhaja, wato abin da ke rage ko ƙara kaifin murya, kan tashi daga wajen 20 har 20,000 a ma'aunin Hertz. Ka raba wannan tazara a matakai 128, ɗan motsin yatsa sai murya ta yi tsalle, wani lokaci har ka ji tana hawa kamar matakalar bene. Maganinsa ka taƙaita iyaka, ka ba maɓallin yankin da waƙar ke bukata kawai, sai hannu ya samu sarari. Haka in maɓalli yana kan 20 alhali manhaja tana kan 100, kana taɓawa sai sauti ya faɗo ƙasa lokaci guda. Shi ya sa ake saita manhaja ta jira har hannu ya iso inda take kafin ta bi shi. MIDI 2.0 da aka amince da shi a 2020 ya faɗaɗa matakan ƙwarai, sai dai yawancin kayan da ke hannun mutane na tsohon tsari ne.

Ni a ganina rashin ran da ake kuka da shi daga nan yake. Dubi mai kalangu: hammatarsa ba ta hutawa, yana matse tsarkiya yana sassautawa, kowane bugu da irin muryarsa. Furodusan da ya zaɓi murya a manhaja ya bar ta a sandare tun daga farkon waƙa har ƙarshe, maɓallai takwas na gabansa ƙura ta rufe su, shi ne ya hana kiɗan numfashi, ba MIDI ba.