Gyaran tsohon kanti a ƙaramin garin Faransa: tambayoyi da amsoshi

A ƙananan garuruwan Faransa, musamman na tsakiyar ƙasar irin su yankunan Creuse, Nièvre da Allier, babban titi yakan kasance cike da gine-gine iri ɗaya: kanti a ƙasa, gidan mai kantin a sama, ƙofa a rufe, allon sayarwa manne da gilashi. Da yawa daga cikinsu sun haura shekara ɗari, kuma farashinsu yakan ja hankalin baƙo. Ga tambayoyin da mai sha'awar saye ya kamata ya yi tun kafin ya sa hannu a aljihu.

Me ya kashe waɗannan kantuna tun farko?

Mota da manyan kantuna na bayan gari. A 1963 kamfanin Carrefour ya buɗe katafaren kantinsa na farko a Sainte-Geneviève-des-Bois, kusa da Paris, da faffaɗan filin ajiye motoci, daga nan salon ya bazu ko'ina. Mai burodi, mahauci da mai sayar da kayan ƙarfe na cikin gari suka tsufa, 'ya'yansu suka tafi birni, babu magaji. Alƙaluman da gwamnatin Faransa ke ambata sun nuna cewa a 1980 kashi 25 cikin 100 na ƙananan hukumomin ƙasar ne ba su da kanti ko ɗaya, amma a 2021 adadin ya kai kashi 62. Shi ya sa aka ƙaddamar da shirin Action Cœur de Ville a 2018 domin garuruwa 222 masu matsakaicin girma, sannan Petites villes de demain a 2020 domin waɗanda mazaunansu ba su kai 20,000 ba.

To idan ginin yana da araha, ina matsalar take?

Arha ba ta ado. Kuɗin sayen ginin shi ne ƙaramin kashi. Gyaran yakan ci fiye da shi, wani lokaci ninki. Kuma akwai abin da ke rikita baƙo: a dokar Faransa bango daban, sana'a daban. Za ka iya sayen ginin kansa, abin da suke kira murs, alhali kasuwancin da ke ciki, wato fonds de commerce, na wani ne. Idan akwai ɗan haya mai yarjejeniyar kasuwanci, wadda galibi ta shekara 9 ce, ba ka fitar da shi don kawai ka zama sabon mai gida. Ƙin sabunta masa yarjejeniya yakan jawo biyan diyya mai nauyi.

Ciniki yana bi ta hannun notaire, jami'in da doka ta ɗora wa tabbatar da takardun mallaka. Haraji da ladansa sukan kai kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na farashin tsohon gini, kuma daga yarjejeniyar farko zuwa karɓar makulli akan ɗauki kimanin wata uku.

Zan iya mayar da kantin ɗakin zama?

Ba a ko'ina ba, kuma wannan tambayar a ofishin magajin gari ake yin ta, kafin saye. Yawancin garuruwa suna da kundin tsara gine-gine da ake kira PLU, wasu kuma sun rubuta a ciki cewa kantunan wani titi ba za a mayar da su gidaje ba. Ni dai ina ganin suna da gaskiya. Titin da aka toshe tagoginsa da labule ba ya dawowa kasuwa, kuma kowane kanti da ya mutu yana rage wa na kusa da shi masu wucewa.

Inda aka yarda, canza amfanin gini yana buƙatar sanarwa a rubuce, wadda akan amsa cikin wata ɗaya. Idan aikin zai taɓa fuskar ginin ko bangon da ke ɗauke da nauyi, sai cikakken izinin gini. Sannan ga wani jami'i da kowa ke ambata da ɗan tsoro: Architecte des Bâtiments de France, mai kula da kewayen gine-ginen tarihi. Duk ginin da ke cikin mita 500 daga coci ko fada da aka yi wa rajistar tarihi, takardunsa sai sun bi ta teburinsa, kuma idan ana hango ginin tare da wurin tarihin, maganarsa ita ce yanke. A ƙaramin gari mita 500 ta cinye tsakiyar gari kaf. Yakan sa baki a launin fenti, da irin rufi, da siffar taga. Tagar roba a fuskar titi da wuya ta wuce. Masu wayo sukan je wurinsa da zane tun aiki bai fara ba, su kuma sa sharaɗi a yarjejeniyar saye cewa in ba a samu izini ba, ciniki ya warware.

Daga ina ake fara aikin?

Daga sama, domin ruwa ne babban maƙiyin tsohon gini. Ginin da ya shekara goma a rufe, fale-falen rufinsa biyu ko uku ne za su zame, indararo ya toshe da ganye, ruwa ya riƙa ɗiga a kan azara ba mai gani. Wanda ya fara da kicin da banɗaki ya bar rufi, zai sake aikin. A yankunan da ke da laima, irin su Bretagne da Normandie da arewacin ƙasar, akwai wani naman gwari mai suna mérule da ke cin katako a ɓoye, a bayan yaɓe da ƙarƙashin daɓe, har ya ratsa bango ya shiga gidan maƙwabci. A kudu maso yamma kuma gara ce.

Bayan rufi sai bango, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Tsofaffin maginan Faransa da dutse da farar ƙasa suka yi aiki. Irin wannan bango yana shan danshi daga ƙasa, yana kuma fitar da shi ta jikinsa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka shiga yaɓe shi da siminti, aka zuba kankare a daɓe, aka manna roba da katakon ado a cikin kantuna. Danshi ya rasa hanyar fita, sai ya hau sama cikin bango, ya ruɓar da kan azara, ya narkar da dutse mai laushi. Duk wanda ya ga gidan ƙasa a Kano ko Damagaram da aka yaɓe da siminti, yaɓen ya ɓalle ya taho da rabin bango, ya riga ya san cutar. Maganin shi ne a kankare simintin, a bar bango ya sha iska na wasu watanni, sannan a yaɓe da farar ƙasa. Aiki ne mai ƙura da cin rai, kuma babu abin da za ka nuna wa baƙo a ƙarshensa, amma a kansa sauran aikin yake tsayawa.

Cikin wannan kankara ne akan ci karo da abin farin ciki: tayil na jar ƙasa mai kusurwa shida a ƙarƙashin ledar daɓe, ko murhun dutse da aka toshe, ko sunan tsohon mai kanti rubuce da fenti a saman ƙofa.

Akwai abin da ke da haɗari ga lafiya?

Akwai biyu. Asbesto, wani ma'adini da ake haɗawa cikin kayan gini wanda ƙurarsa ke lalata huhu, da Faransa ta haramta daga 1 ga Janairun 1997, yakan ɓuya a tayil ɗin roba, da gam ɗinsa, da kwanon rufin rumfar baya. Doka ta ce a bincika kafin a fasa komai, kuma ƙwararru ne ke cire shi. Sai dalma a tsohon fenti, wadda ake bincikawa a gidajen da aka gina kafin 1949. Goge irin wannan fenti a bushe, yara suna gidan, ganganci ne.

Me ya sa benayen da ke saman kantuna suke zama kango?

Saboda matakala. Da can mai kanti a sama yake kwana, ta cikin kantin yake hawa. Da iyali suka koma sabon gida a bayan gari, sai aka ba da kantin haya, saman ya rasa ƙofar kansa. Wasu ma sun rushe matakalar don faɗaɗa wurin ajiye kaya. Gyara na gaskiya shi ne a yanko siririn lungu daga kantin, a buɗe ƙofa ta biyu a titi, saman ya zama gida mai zaman kansa. Kantin zai ɗan ragu, amma ginin zai samu mai kwana a ciki, wanda zai ji ɗigar ruwa tun daren farko. Wanda zai ba da saman haya ya sani cewa daga Janairun 2025 an hana sa sabon ɗan haya a gidan da ya faɗa matakin G, wato na ƙarshe a ma'aunin riƙe ɗumi, kuma matakin F zai biyo baya a 2028.

Fuskar kantin fa, a bar ta ko a cire?

A bar ta muddin katakon yana da sauran rai. Waɗannan fuskokin katako da aka manna a jikin bango a ƙarni na 19 aikin kafintoci ne na hannu, kuma galibi gindinsu kaɗai ke ruɓewa, inda ruwan titi ke fantsama. Kafinta nagari yakan yanke ruɓaɓɓen ya dasa sabo. Ko da an mayar da cikin ofis ko wurin sana'ar hannu, fuskar ta mutanen titi ce kamar yadda take ta mai gini. Idan kuma za a sake buɗe kanti, dokar 2005 ta wajabta hanyar shigar masu keken guragu, sannan ga ƙa'idojin kashe gobara.

Yaya ake hulɗa da ma'aikata, kuma gwamnati tana taimakawa?

Komai a rubuce. Magini ko mai rufi zai ba ka takardar farashi dalla-dalla, in ka sa hannu ta zama yarjejeniya. Nemi shaidar inshorarsa ta shekara 10, wadda dokar 1978 ta wajabta kan manyan ayyuka. A ƙauye masu iya aikin dutse da farar ƙasa kaɗan ne, jira yakan kai watanni, watan Agusta kuma kusan kowa yana hutu.

Taimako akwai, sai dai yawancinsa na ɓangaren zama ne, ba na kanti ba. Harajin VAT kan aikin gyara a tsohon gida kashi 10 cikin 100 ne maimakon 20, na aikin riƙe ɗumi kuma kashi 5.5. Tallafin MaPrimeRénov', na gwamnati kan aikin rage cin makamashi a gida, da aka fara a 2020, yana buƙatar ma'aikaci mai shaidar RGE, wato shaidar ƙwarewa a irin wannan aiki, kuma sharuɗɗansa suna yawan canzawa. Fondation du patrimoine, gidauniyar kare tsofaffin gine-gine da aka kafa a 1996, tana ba da shaidar da ke rage haraji kan gyaran rufi da fuskar gini, wasu garuruwa kuma suna biyan wani kaso na gyaran fuskar kanti. CAUE, ofishin shawara kan gine-gine na yanki, yana ba da shawarar masanin zanen gini kyauta. Sharaɗin da ya haɗa kusan dukkan tallafin ɗaya ne: a miƙa takardar nema kafin a fara aiki, domin wanda ya riga ya kafa tsani ya rasa.