Tabar wiwi da zugin jijiya bayan kemo: me bincike ya nuna?

Wane irin ciwo ne wannan?

Wasu magungunan ciwon daji da ake kira kemo, irin su paclitaxel, oxaliplatin, cisplatin da vincristine, suna taɓa jijiyoyin da ke kai saƙon jin jiki. Yakan fara daga yatsun hannu da na ƙafa: mutuwar jiki, zugi, ƙuna, ko jin kamar ana soka allura. Mai karɓar oxaliplatin kuwa ko kofin ruwan sanyi ya riƙe sai ya ji a jikinsa. Wani nazari na 2014 da ya tattaro bincike da dama ya nuna kusan kashi 68 cikin 100 na fama da shi a watan farko bayan kemo, kashi 30 kuma har bayan wata 6.

Me ya kawo tabar wiwi cikin maganar?

Biyu daga cikin sinadaranta ne, THC da CBD. A jikin mutum akwai wasu makarɓan saƙo a jikin ƙwayoyin halitta da ake kira CB1 da CB2, masu hannu a jin zafi, kuma THC na kama su. A gwajin ɓeraye, CBD ya hana zugin da paclitaxel ke jawowa.

To a jikin mutane fa?

Nan ne gizo ke saƙa. A 2014 an gwada feshin baki na nabiximols, mai THC da CBD, a Kanada. Mutum 16 suka kammala gwajin, kuma a jimlace bai fi feshin da babu magani a ciki ba, ko da yake 5 sun samu sauƙi sosai. Waɗannan 5 ɗin ba abin yarwa ba ne, amma adadin ya yi kaɗan a gina hukunci a kai. Ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka, ASCO, a jagorarta ta 2020 wani magani mai suna duloxetine kaɗai ta amince da shi ga wannan zugin, shi ma sauƙinsa daidai gwargwado ne.

Ai an ce ana ba masu kemo magungunan wiwi?

Ƙwarai, dronabinol da nabilone, tun 1985 a Amurka. Amma don tashin zuciya da amai ne.

Akwai haɗari?

Akwai. THC na kawo jiri da magagi, ga ƙafa ba ta jin ƙasa sosai, faɗuwa ba wuya. CBD na iya rage saurin aikin sinadaran hanta masu sarrafa wasu magungunan kemo. Busa hayaƙin kuwa na iya shigar da naman gwari huhun wanda garkuwar jikinsa ta raunana.

Me ya kamata majinyaci ya yi?

Ya faɗa wa likitansa tun ranar da yatsu suka fara mutuwa, kada ya daure don tsoron a dakatar da magani. Likita na iya rage adadin kemo, ya jinkirta, ko ya sauya wani, kafin jijiyar ta lalace. Wanda ke shan wiwi ko man CBD a ɓoye, don Allah ya faɗa, domin a duba ko zai ci karo da magungunansa.