Mece ce HD da ake ta kira mana a hirarrakin bidiyo?

Da wuya yanzu ka buɗe Facebook a Kumasi ka ga sanarwar hira ba tare da haruffan nan biyu ba. "Za mu tattauna da Malam daga Jamus, kai tsaye, a HD." Masu yi wa 'yan siyasa talla ma sun kama kalmar, kamar wata shaidar girma. Sai a fara hira ka ga fuskar baƙo ta dagule, gemu ya haɗe da riga, baki na motsi murya na biyowa daga baya.

HD, wato "High Definition" a Turance, ƙidaya ce kawai. Hoton bidiyo tarin ƙananan ɗigo ne, waɗanda ake kira fiksel. In sun kai 1280 a kwance da 720 a tsaye, wato ɗigo 921,600, an shiga HD. In 1920 ne da 1080, sun haura miliyan 2. Iyakar abin da kalmar ke faɗa ke nan, ba ruwanta da haske ko murya. YouTube ma tun 2020 ta daina liƙa wa 720 tambarin HD.

Inda abin ke ɓata min rai shi ne yadda muke zaton lambar da ke jikin kwali tana bin hoto duk inda ya je. A ce saurayi ne a unguwar Aboabo ta Kumasi, ya tara kuɗi ya je kasuwar Adum ya sayi kyamarar kwamfuta mai 1080. Madalla. To amma fuskarsa shi kaɗai take ɗauka. Baƙon da jama'a suka zo gani yana Hamburg ko Tamale, gaban 'yar kyamarar laftof, kuma hotonsa ba ya isowa yadda aka ɗauke shi. Manhajar kira tana matse shi daidai ƙarfin layi. Zoom da kanta ta ce kiran mutum biyu a 720 yana son saurin intanet na megabit 1.2 a daƙiƙa, 1080 kuwa kusan 3.8 wajen turawa. Ƙarfin turawar baƙo ake nufi, ba ƙarfin saukewar da saurayin ke taƙama da shi ba. Da layi ya yi rauni sai manhaja ta sauko zuwa 640 da 360 ba tare da ta sanar da kowa ba, don kada kira ya yanke. Wannan kashi ɗaya ne cikin tara na 1080.

Abin da saurayin ya naɗa ke nan. Sai ya kai shi manhajar tace bidiyo, ya fitar a 1080, ya rubuta HD a sama. A lissafi bai yi ƙarya ba, ɗigon sun cika. Sai dai kofin koko ɗaya aka tsinka da ruwa har ya cika jarka. Ɗigo takwas cikin kowane tara kwamfuta ce ta ƙirƙiro su, ba daga fuskar Malam suka fito ba. A wurina wannan yaudarar mai kallo ce, ko da mai yin ta bai nufa ba.

Gyaran ba ya da tsada: a ɗauki hoton a can wurin baƙo. Manhajoji irin su Riverside da Zencastr haka suke aiki, suna naɗar kowa a na'urarsa su riƙa ɗora fayil a hankali, saboda haka tangarɗar intanet ba ta shiga cikin abin da aka ajiye. Wanda ba shi da kuɗin biyansu, ya roƙi ɗan gidan baƙo ya kafa waya ta biyu a kwance, daidai tsayin ido, tana ɗauka yayin da ake hira a ta farko. Baƙo ya sa iyafis don kada muryar mai yi masa tambayoyi ta dawo ta lasifikarsa, a tafa hannu a farko don sauƙin daidaita murya da hoto. In za a turo bidiyon ta WhatsApp, a turo a matsayin fayil, wanda ke ɗaukar har gigabait 2. Ta hanyar da aka saba tura bidiyo, za a sake matse shi.

Haske kuma ya fi lamba tasiri. Idon kyamarar laftof ƙarami ne, a ɗaki mai duhu sai ya cika hoto da tsaki-tsaki ko da 1080 ne. Cewa "Baba, don Allah a juyo a fuskanci taga" ya fi sabuwar kyamara amfani, musamman ranar dumsor, wato ranar da aka ɗauke wuta. Makirufo ya matso kusa da baki, a kashe fanka, domin mutane na jure hoto mai dishi-dishi amma ba sa jure muryar da ba sa fahimta.

Na damu da wannan ne saboda waɗanda muke hira da su. Dattawan zango da suka san tarihin fataucin goro daga Salaga, malaman da suka karantar da rabin unguwa, wasunsu hira ɗaya za a taɓa yi da su. Saboda haka asalin fayil ɗin da ya fito daga wayar baƙo a ajiye shi wuri biyu kafin a taɓa shi, domin wanda aka ɗora a Facebook an riga an sake matse shi.