Tsada gaskiya ce, amma ku daina tsinka wa yara koko

Yaran da ake kawo mana ranar awo a 'yan watannin nan kusan duk kamarsu ɗaya. 'Yan wata takwas ne zuwa shekara biyu. Gashi ya yi ja yana kakkaryewa, fatar ɗuwawu ta saki, yaro ba kuka ba wasa, sai ido. Wani kuma ƙafafunsa ne suka kumbura, uwar har murna take yi wai ya fara ƙiba. In na zagaya damtsensa da abin awo, sai ya tsaya a rawaya ko a ja. Ja kuwa yana nufin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, wato tamowa ce mai tsanani, ba wata tantama.

Sai in tambaya, "Maman yaro, me yake ci?"

"Koko, Malama."

"Koko da me?"

"Koko dai."

In na ce a nuna mini, sai ta ciro robar lemo daga jaka ta girgiza. Ruwa ne tsululu, ya ɗan yi fari, an jefa sukari. Da shi yaro ya karya, shi zai sha da azahar, da shi zai kwanta.

Ba na musun tsada. Kasuwar da kuke ci ita nake ci, mai awon da ke auna muku shi ke auna mini. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin fetur ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Darajar naira ta faɗi, taki ya yi tsada, motar da ke ɗauko buhu daga kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ta ninka kuɗinta, dillali ya ɗora nasa, mai awo ya ɗora nasa. A yankuna da yawa na Zamfara da Katsina da Sakkwato 'yan bindiga sun raba manomi da gonarsa. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. A watan Fabrairun 2024 ne mutanen Minna suka tare hanya saboda tsadar abinci, mata masu gurasa a Kano su ma suka fito kan tsadar fulawa. Wanda yake auna tiya ya koma auna mudu, mai mudu ya koma gwangwani, man gyaɗa ya koma ƙulli a leda. Hatsi kan ɗan sauko da kaka, gaskiya ne, amma ƙwai da kifi da nama da madara ba sa sauka yadda suka hau. Duk wannan na sani, kada wata ta zaunar da ni tana karanta mini farashin gero.

Abin da ke cin raina shi ne inda muke rage wa idan kuɗi suka gaza. Tuwon maigida ba a tsinka shi, domin zai yi magana. Na manyan yara ba a tsinka shi, domin za su biyo ki har ɗaki. Wanda ba shi da baki, shi ake ƙara wa ruwa. Kamun da a da ake dama wa yaro ɗaya, yanzu shi ake dama wa huɗu, a ƙara ruwa, a sake ƙara ruwa, har kofi ya cika kowa ya samu. Kofi ya cika, amma abincin da ke cikinsa bai ƙaru da ko ƙwaya ɗaya ba.

Cikin yaro ɗan wata tara bai fi kofin shayi ba. In kin cika shi da ruwa, ina abinci zai shiga? Zai yi shiru na ɗan lokaci, ki ɗauka ya ƙoshi, ya yi fitsari biyu shi ke nan ya fita. Ba sai na yi dogon bayani ba: ruwa ba ya gina jiki. Gasara zalla ma, ko da kaurinta, ba ta isa ba, balle wadda aka tsinka.

Ga gwaji, ba ya buƙatar ko sisi. Ɗebi kokon a cokali ki karkata shi. In ya zube nan take, bai yi ba. In ya tsaya yana sauka a hankali, to shi ne abincin yaro.

Na san amsoshin, kullum su nake ji. "Malama, ba ya iya haɗiye mai kauri." Yana iyawa. Yaro daga wata shida yana iya cin abu mai laushi da cokali, sai dai yana son a zauna da shi, a lallaɓa, ya tofar a sake ba shi. Tsinkakken koko sauƙin uwa ne: a zuba a fida ko roba, a miƙa wa yayarsa 'yar shekara shida ta ba shi, ita uwa ta koma kan surfe ko ɗinkin hula. Ban ce aikin bai yi miki yawa ba, 'yar'uwa, ya yi. Amma fidar nan da ba a wanke ta da kyau, da kokon da aka dama tun asuba yana yawo a jaka har la'asar, su ne ke kawo gudawar da ke ƙarasa kwashe ɗan abin da ya rage a jikinsa. Masu ɗura kuma, a matse yaro tsakanin cinyoyi a toshe masa hanci a kwarara masa koko, don Allah ku bari. Kokon nan huhu yake iya wucewa, kuma ba a iya yin ɗura sai da tsinkakke, wani dalilin tsinkawar ke nan.

Sai "haƙori ne." Sai "ya sha ciki ne." Sai "baki ne ya kama shi." A tafi wajen mai magani a kashe kuɗin da za su sayi mudun waken suya, a dawo da jiƙo da laya. Kowane yaro a duniya yana haƙori, ba kowane yaro ne gashinsa ke yin ja ba. Kuma in kin samu ciki kina goyo, nonon bai lalace ba. Kada ki yaye shi rana tsaka ki tura shi gidan kaka a ci gaba da ba shi ruwan koko. Yaran da suka fi ba mu wahala, irin waɗannan ne.

Yanzu maza. Malam, zauna, da kai nake.

Kuɗin cefanen da kake ajiyewa a kan tabarma tun kafin a cire tallafi, har yau su kake ajiyewa, kana sane da cewa rabin abin da suke saye a da ma ba sa saye. In ta yi magana ka ce ta yi maneji, ƙasa ce ta yi zafi. Ka fita, ka zauna a teburin mai shayi, a soya maka Indomie da ƙwai biyu, a haɗa shayi mai kauri. Da daddare ka tsaya wajen mai tsire ka ci na tsaye, ka goge baki kafin ka shiga gida. Kai ka san kauri a shayinka. Ƙwai ɗaya daga cikin biyun nan, in ka sa a aljihu ka kai gida aka dafa aka murmushe wa yaron a abincinsa, ya yi masa aikin da wani maganin kemis ba zai yi ba. Sau nawa kake leƙa kofin ɗanka ka ga abin da ake ba shi? Mafi yawanku ba ma ganinku sai ranar da aka ce a wuce da yaro babban asibiti, ranar ce za a sayar da akuya, a ci bashi, a yi jigilar mota, uwa ta bar sauran yara ta kwanta jinya. Ka lissafa wannan, ka lissafa kuɗin ƙulli ɗaya na gyaɗa a rana.

Manoma kuma abin ya fi ba ni haushi. Mutum ya noma waken suya da gyaɗa da wake da hannunsa, kaka na yi ya loda duka a mota ya kai kasuwa, lokacin da suka fi araha, bai bar ko kwano biyu a gida ba. Bazara na yi ya dawo yana saye da tsada, ko ya ce ba hali. Na san akwai bashin taki, akwai biki, akwai kuɗin makaranta. Amma kafin a ɗinke bakin buhu, a ɗebi rabon yaro a ajiye a ɗakin uwarsa. Wannan bai taɓa talauta kowa ba.

Iyayenmu kakanni, Allah ya ƙara girma, ku ma da sauranku. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ko yana hana shi magana, ba ta da tushe. Kaza na yin ƙwai a tsakar gida, a tara a kai kasuwa, jika yana zaune yana shan ruwan gasara. In surukarki ta dawo daga asibiti ta ce ga abin da aka ce, Inna, ki taya ta, kada ki ce ku da kuka haifi goma ba a koya muku ba. A zamaninku akwai nono da man shanu a gida, kunun gyaɗa kuke damawa, ba wannan ruwan ba.

Kada a ɗauka abin wasa ne. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 ne suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina a watanni shida na farkon 2025. A cibiyoyinta kaɗai ke nan, waɗanda aka samu aka kai. Hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ta daɗe tana cewa yara kusan miliyan 2 ne ke fama da tamowa mai tsanani a Nijeriya, kuma biyu cikin goma ne kawai magani ke kaiwa gare su. Yaron da ya tsira ma, in abin ya same shi kafin ya cika shekara biyu, sau da yawa tsawonsa da kaifin ƙwaƙwalwarsa ba sa komawa daidai.

Akwai waɗanda ba da su nake wannan faɗa ba. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, wadda aka koro daga ƙauyensu tana raɓe a kangon wani, wadda da gaske ko gwangwanin gero babu a ɗakinta. 'Yar'uwa, ke ki zo kawai. Ba wanda zai yi miki tsawa, ba abin kunya ba ne, kuma kada ki jira sai yaro ya kasa ɗaga kai. Maƙwabta masu hali, masu fitar da zakkar hatsi, ku riƙa duba gidan da ake goyo, ku haɗa da ɗan wake da gyaɗa, ba dawa zalla ba.

Amma wadda aka ba abincin tamowa na leda, ta je gida ta narka shi a tukunyar koko ta raba wa yara biyar, ko ta kai shi kasuwa, da ita nake. Magani ne, an ƙidaya shi daidai nauyin yaron da aka rubuta wa. Ba a dama shi, ba a tsinka shi, a ledarsa zai ci, ki ba shi ruwa mai tsabta ya kora. Sati ya zagayo ki dawo yaro bai ƙara ko kaɗan ba, ki ce maganin ne ba ya aiki. Muna ganewa.

To, ga abin yi, a taƙaice:

- Koko ya yi kauri, da cokali da kofi, ba fida ba. Gara rabin kofi mai kauri da kofi biyu na ruwa.
- Kada ya tafi shi kaɗai. A sa abu ɗaya ko biyu daga abin da ke akwai: dakakken ƙuli-ƙuli, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin waken suya, garin busasshen kifi, nono, ƙwai, ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa. Sukari ba ya cikin lissafi.
- In da hali a haɗa gari a ajiye: gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A soya kowanne daban, waken suya ya soyu sosai a cire ɓawonsa, a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, a niƙa tare. Mata uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su yi niƙa ɗaya.
- In da gaske mai kauri yana ba shi wuya, a tsirar da gero, a shanya ya bushe, a murje tsiron, a niƙa. Ɗan kaɗan a cikin koko mai kauri da ɗuminsa zai sa ya saki ba tare da an ƙara ruwa ba, sai a sake tafasa shi.
- Tuwo mai laushi da miyar kuka ko zogale ko kabewa, faten wake, alale, awara, duk abincinsa ne. Kwanonsa daban, kada a haɗa shi da manyan yara.
- Wata 6 zuwa 8, sau biyu zuwa uku a rana. Daga wata 9 zuwa shekara biyu, sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Nono ya ci gaba har shekara biyu. Ƙasa da wata shida, nono zalla, ko ruwa ba a ba shi.
- In yana gudawa, ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc, kuma ba a daina ba shi abinci.

Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku, ki ɗaga. In wurin ya lotsa bai taso ba, ko ya ƙi nono da abinci gaba ɗaya, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa da kyau, ba ranar awo za ki jira ba, kuma ba sai maigida ya dawo daga kasuwa ba. Ki goya shi ki taho. Sauran kuma, duk wata a kawo su awo da katinsu, a taho da kofin da ake ba su koko, ina so in gani da idona.