Kwana a Kan Karta Ba Ya Dawo da Asara

A Agege da ke Legas, idan dare ya yi, za ka ji masu buga kartar poka suna cewa wanda aka cinye kada ya tashi, ya jefa goro a baki, sa'a za ta juyo kafin asuba. Maganar ta daɗe, kuma ba gaskiya ba ce. Ban ma shiga batun haramcin caca ba.

Karta 52 ce, kowane zagaye sai an sake cuɗa ta, ba ta san an cinye ka ɗazu ba. Kanka ne ke sauyawa. Wani bincike a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa awa 17 ba barci na dusashe hankali kamar na wanda ya ɗan sha giya. Lissafi ya rikice, zuciya ta hau. Goro kuwa ido kawai yake buɗewa, gajiyar na nan.

Na ga wani mai tumatir daga kasuwar Mile 12, ƙarfe ukun dare, idanu jajur, hannu na rawa, yana tura sauran jarinsa tsakiyar tabarma don ya farke asarar farko. Har yau abin yana cina. Da ya tafi gida ya kwanta, da safe ya faɗa wa ɗan'uwansa, da rabin jarin ya tsira.